Ranar da Na Ari Numfashin Shiuna

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, don na san halinku sarai, ku bari in kai ƙarshe tukuna. Tun makon jiya wasunku suke ta cewa Nuzuha kin cika kishi, Nuzuha ki kwantar da hankalinki. To na ji. Amma duk wadda ba ta taɓa son namijin da aikinsa riƙe hannun mata ne ba, don Allah ta yi mini shiru.

Ga waɗanda yau suka shigo, zancen saurayina Iyaz ake yi. Shekararmu biyu tare. Yana koya wa baƙi nutso a otal ɗin da ke tsibirin tsallakenmu, tafiyar minti arba'in a doni, jirgin ruwan nan namu na katako. Otal ne mai shiru, ɗaki talatin kacal, irin wanda Turawa ke zuwa su yi sati biyu ba abin da suke yi sai shiga ruwa da safe, shiga ruwa da yamma, su ci su kwanta. Kwana shida yana can, rana ɗaya yana gida. Ranar nan ɗaya ita ce rabona, ita ma rabinta barci yake yi.

Mamma dai ba ta taɓa son zancen ba. Ita Latheef take so in aura, na ofishin kansila, mai dawowa gida kullum ƙarfe biyu da rigarsa a goge. Maganarta ɗaya ce safe da yamma, wai me zan yi da mijin da zai dawo mini sau ɗaya a mako yana ƙamshin man shafawar matan wasu. Bappa, mahaifina, shi ya tsaya mini, amma shi ma ya gaji da mitar. Ya ce Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci iyayen Iyaz su zo a sa rana. In ba su zo ba zai zare hannunsa, in ƙarata ni da uwata.

Ranar Litinin da la'asar ina kishingiɗe cikin joali, kujerar nan tamu ta raga, a ƙofar gida, ina ɓare busasshen kifin da za a yi mas huni da shi, kwaɗon kifi da kwakwa na karin kumallo, sai ga yayata, Datha, ta shigo da waya a hannu tana wani murmushi da ban yarda da shi ba. Ta ce in ga angona ya yi suna, otal ya sa shi a shafinsa.

Bidiyo ne na ƙarƙashin ruwa. Mutum biyu a durƙushe kan farin yashi, fuska da fuska. Ko cikin mutum dubu zan gane kafaɗun Iyaz. Ya zare bututun numfashinsa ya saki, ya yi wata alama a wuyansa. Sai macen ta cire nata daga bakinta, daga bakinta fa jama'a, ta sa masa a nasa. Ta kama ɗamarar ƙirjinsa, ya kama tata, idonsa cikin idonta, suka taso sama a hankali kumfa na bin su. Har da kiɗa mai sanyi aka sa musu.

Mamma ta leƙo ta kafaɗata da ludayi a hannu, ta kalla har ƙarshe.

"Yau kuma numfashi ake rabawa," ta ce. "Saura me?"

Ta koma kicin abinta. Ni kuwa na ture kwanon kifin na shige ɗaki, hannuna duk ƙarni na hau rubuta masa saƙo a Viber.

"Wacece wannan?"

Sai bayan minti goma sha bakwai ya amsa, ina lissafe da su. "Shiuna ce mana, sabuwar malamar da na ba ki labari. Gwaji ne na yadda ake yi in iskar wani ta ƙare."

"Daga bakinta fa."

Ya turo fuskar nan mai dariya da hawaye. "Roba ce, Nuzu."

Roba ce. Wallahi da a gabana yake da sai na jefe shi da wayar.

Bari in faɗa muku gaskiya, Turawan ba su taɓa hana ni sukuni ba. Su zo, su yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa, bayan sati biyu jirgi ya kwashe su. Wannan kuwa 'yar ƙasa ce. Na bi shafinta hoto ɗaya bayan ɗaya har na kai shekarar da ta gama sakandare. 'Yar Addu ce, can kudancin ƙasarmu, ta yi karatu a Male babban birni, tana sa buruga baƙa, wato ɗan hijabinmu, ko a cikin ruwa, kuma in ta yi dariya kumatunta lotsawa suke. Tana jin yarenmu, tana salla, tana cin shinkafa da romon kifi na garudiya da hannu kamar kowa. Babu jirgin da zai zo ya kwashe ta. Kwana shida tana tare da shi, ni rana ɗaya.

Washegari na ce masa ina so ya kai ni nutso. Shekara biyu yana roƙona ina ƙi, don ni iyakata da teku bakin gaɓa ne, da kayana a jikina, kamar sauran 'yan matan unguwarmu. Murnar da ya yi har ta so ta ba ni kunya. Ya ce ranar Alhamis da safe ake barin iyalan ma'aikata su gwada, zai sa sunana. Bai san ba kifi zan je kallo ba.

Laraba na tashi da mura. Hanci a toshe, kai kamar an ɗora mini turmi. Kuma na sani, ba wai ban sani ba. Sau nawa Iyaz yana ba ni labarin baƙin da ya hana shiga ruwa saboda mura, yana cewa kunne ba ya buɗewa a ƙasa in hanci ya toshe. Na haɗiyi ƙwaya biyu, na yi surace da ruwan zafi har sau uku. Da ya kira na ƙi ɗagawa don kada ya ji muryata, na rubuta masa cewa Mamma na kusa.

Alhamis na yi shiri kamar mai zuwa biki. Baƙin wandon ruwa har idon sawu, shuɗiyar riga mai dogon hannu da na sa aka kawo mini daga Male, buruga mai kama kai, sannan na ɗora doguwar rigata mai ƙananan furanni ruwan ƙwai. Har kwalli na zizara, ni da zan shiga teku. Mamma ta dube ni sama da ƙasa ta ce in je in gani da idona, ya fi a ba ni labari.

Iyaz na jirana a bakin gada, ya kai ni rumfar masu nutso, inda silindodin iska ke jere da rigunan ruwa a rataye suna ɗiga. Shiuna ce ta fara fitowa. Ta fi hotunanta kyau, kuma ban yafe wa mai ɗaukar hoton ba da bai gargaɗe ni ba. Ta riƙe hannuna da nata biyu, ta ce ashe ni ce Nuzuhar da aka hana su sakat da zancenta. Iyazbe take kiransa, irin kiran ƙanwa ga wanta, amma ni ban yarda da wannan ba. Nan take Iyaz ya ce ita za ta shiga da ni, shi zai biyo mu a baya da wasu baƙi biyu.

Na ja shi gefe. "Ba kai za ka riƙe ni ba?"

"Ba a ɗaura ba tukuna, Nuzu. Sai an ɗaure miki ɗamara, a kama ki a kugu, a kama ki a ƙirji. Da wane ido zan kalli Bappa gobe?"

"Turawan fa da kake kamawa kullum?"

"Su aiki ne. Ke ba aiki ba ce."

Yanzu da nake rubuta muku na san magana ce mai daɗi. A lokacin abin da na ji kawai shi ne duk matan duniya sun samu hannunsa ban da ni, kuma ya ɗauke ni ya danƙa wa ita.

Shiuna ta ba ni takarda mai dogon jerin tambayoyi, ciwon zuciya, asma, farfaɗiya. Na zo kan layin da ke tambaya ko ina mura yanzu, na zaɓi a'a. Ta karɓa ta duba, ta ɗan kalle ni, ta ce ta ji muryata kamar a shaƙe, in mura ce ba komai a ɗage zuwa wani makon. Na ce haka muryata take tun ina yarinya. A raina na ce wato in koma gida ki ce masa raguwa ce, ko?

Abin da ya fi cin raina shi ne kirkinta. A ruwa mara zurfi ta koya mini komai ba gajiya, yadda zan toshe hanci in hura a hankali har kunne ya buɗe, yadda zan haɗa babban yatsa da manuni in lafiya nake, yadda zan karkaɗa tafi in nuna kunne in ya yi ciwo. Ta maimaita wannan na ƙarshen har sau uku. Ta ce ita ba ta iya ganin cikin kunnena, hannuna ne kaɗai zai gaya mata, kuma da na nuna za mu tsaya, ba abin kunya ba ne. Na ce na ji.

A cikin doni kuma na ga abin da ya ƙarasa ni. Shiuna na wannan gefe Iyaz na wancan, inji na ruri, ba wanda ke jin wani. Ya ɗaga mata yatsu ya yi wata alama, ta mayar masa da wata, su biyun suka fashe da dariya. Yarensu ne su kaɗai, ni da na yi shekara biyu da shi ban san ko harafi ɗaya a ciki ba. Ina zaune da silinda a baya kamar an goya mini buhun shinkafa, zuciyata na tafasa.

Muka faɗa ruwa, muka kama igiyar da ta sauka zuwa gefen dutsen murjani. Shiuna na gabana, hannunta ɗaya a ɗamarar ƙirjina, daidai yadda ta riƙe shi a bidiyon. Ba zan ɓoye muku ba, wurin ya yi kyau. Ƙananan kifaye shuɗɗa sun fi dubu, ga wani kunkuru yana cin abincinsa ko kallonmu bai yi ba. Amma ni waiwaye nake ta yi. Iyaz na sama da mu kaɗan, baƙinsa biyu a gefensa, yana kallonmu.

Mun ɗan sauka sai kunnena na hagu ya fara matsewa. Na toshe hanci na hura, shiru. Shiuna ta tambaye ni da hannu, na haɗa yatsu na ce lafiya. Muka ƙara sauka. Yanzu kam kamar ana tura mini tsinke. Ta tsaya, ta nuna kunnenta, ta sake tambaya. Na ce lafiya. Ta ƙura mini ido ta cikin gilashi ta daɗe, kamar ba ta yarda ba, ta tambaya karo na uku. Hawaye na zuba cikin gilashina, amma na ga Iyaz na kallo, na ce wallahi ba zan nuna gazawa a gaban matar nan ba. Na haɗa yatsuna na ɗaga su sosai yadda shi ma zai gani, na ja igiyar da kaina na ƙara ƙasa.

Sai na ji wani abu ya yi ɗas a cikin kaina. Ciwon ya ɗauke lokaci ɗaya, ruwan sanyi ya shige kunnen, duniya ta hau juyawa. Ban san sama ba ban san ƙasa ba. Amai ya taso mini, na tofar da bututun, na shaƙi ruwan gishiri, na fara harbe-harbe ina neman in tsere sama. Duk abin da aka koya mini ya gudu.

Ba ta sake ni ba. Ta cakumi ɗamarata ta manna ni da jikinta, ta cire bututun bakinta ta cusa mini, ta danna shi iska ta cika mini baki. Na kai mata yakushi a wuya, na ture mata gilashi har ya karkace, duk da haka ba ta sake ni ba. Ta laluba nata na biyu ta sa, ta kama haɓata ta tilasta mini kallon idonta, tana nuna mini in ja, in saki, in ja, in saki. Haka ta taso da ni a hankali, da numfashinta a bakina. Roba ce kuwa, kamar yadda ya faɗa, ɗanɗanon gishiri kawai gare ta.

A kan doni aka kwantar da ni, jini na tsattsafowa daga kunnena yana ɓata sabuwar burugata. Iyaz ya hawo da baƙinsa, fuskarsa ta yi fari fat. Ya durƙusa kusa da ni, amma ko a nan bai taɓa ni ba. Ya juya wajenta ya ce Allah ya saka mata da alheri, da wata murya da ban taɓa jin ya yi mini magana da ita ba, idonsa cike da ƙwalla. Matuƙin jirgin, wanda ɗan tsibirinmu ne, ya ce shekararsa ashirin a teku bai ga mace mai zuciyar wannan ba. Turawan suka tafa mata. Ni ina kwance kamar jiƙaƙƙen tsumma, kwalli ya zubo mini har haɓa, ita tana tsaye da shatar farcena a wuyanta ana yabonta. Na san godiya ya kamata in ji. Kishi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Likitan otal ya leƙa kunnen ya ce fatar ciki ta fashe, za ta warke cikin wata biyu in na kiyaye ruwa. Ya leƙa hancina ya ce ai mura nake. Shugaban masu nutso, wani dattijo ɗan Sri Lanka mai furfura a gira, ya shigo da takardata a hannu. Iyaz da Shiuna na tsaye a bakin ƙofa. Dattijon ya ce ya ga abin da na zaɓa a takarda, wannan laifina ne, amma kunne ba ya fashewa sai ya yi gargaɗi, kuma aikin malami ne ya tsaya da zarar an nuna masa. Ya ce tambaya ɗaya zai yi mini, in yi tunani kafin in amsa, don amsar za ta tafi har wajen masu ba da lasisi.

"Kin nuna mata kunnenki yana ciwo?"

'Yan uwa, ban shirya ba. Ban zo da niyya ba, Allah ne shaidata. Kawai na kalli ƙofa na gan su kafaɗa kusa da kafaɗa, rigunansu iri ɗaya, ruwa iri ɗaya na ɗiga daga jikinsu.

"Na nuna mata," na ce. "Sau biyu. Ta ci gaba da ja na ƙasa."

Shiuna ta dube ni kawai, ba fushi a fuskarta, kamar mai son ta tabbatar ni ɗin ce dai. Dattijon ya rubuta, ya ba ni na sa hannu. Ya ce mata doka ce, ba za ta sake shiga ruwa da baƙo ba sai an gama bincike, ta koma gida ta jira. Ya ce duk ma'aikacin da ke cikin ruwa a lokacin ya rubuta abin da ya gani kafin a tashi daga aiki.

Iyaz ya raka ni har bakin gada yana riƙe da jakata. Tafiyar minti biyar ce, yana gaba ina binsa a baya. Da zan shiga doni ya miƙo jakar, ya ce in kula kada ruwa ya shiga kunnen, ya juya. Na tsaya ina jira ya waiwayo har matuƙi ya ce in zauna.

Na iso gida bayan la'asar na tarar da abin da ban zata ba. An share tsakar gida an baza sabon farin yashi, Datha ta fito da kofunan baƙi masu bakin zinare, Bappa ya aro kujeru shida daga maƙwabta. Mamma, Mamman da ba ta son zancen, tana zaune gaban kasko tana mulmula gulha, 'yan dunƙulen kwaɓi masu kifi a ciki, ga bajiya, irin samosarmu, an jera a faranti an rufe da kyalle. Ta ga audugar kunnena ta yi salati, na ce ƙaramin abu ne. Ta ce to, tunda na nace, ba za a ce gidanta aka zo aka sha shayi tsura ba. Na shige ɗaki na rufe ƙofa, don in na ƙara minti ɗaya a gabanta kuka zan yi.

Biyar da rabi saƙonsa ya shigo.

"Na rubuta abin da na gani. Sau uku ta tambaye ki, sau uku kika ce lafiya."

Na karanta ya fi sau goma. Na rubuta doguwar magana na goge, na rubuta wata na goge. A ƙarshe abin da na iya turawa shi ne, "Gobe fa?"

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Sai ya turo mini wata lambar waya wadda ban sani ba.

"Ta Shiuna ce. Tana haɗa kaya, jirgin ƙarfe shida za ta bi. Takardarki ta fi tawa nauyi, ke ce baƙuwa. Ita za ki fara tambaya zancen gobe, ba ni ba."

Daga kicin Mamma ta ɗaga murya tana tambaya mutum nawa za su zo daga wajensu, don ta san ko ta ƙara kwaɓi. Na ce ina zuwa. Na zauna a bakin gado, na danna lambar, na kara wayar a kunnen da ya rage mini. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu. Ina addu'a kada ta ɗaga, ina addu'a ta ɗaga. Na shirya ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na samu sauƙi.

Ta ɗaga. Ina jin ƙarar zif ɗin jaka a bayanta.

"Nuzuha ce?" ta ce. "Ya kunnen, jinin ya tsaya?"